Biyu Sun Fita, Biyar Sun Maƙale: Yadda Aka Yi Ƙoƙarin Kai Iyalin Otto Frank Amurka

A dangi ɗaya na Yahudawa, cikin shekara uku, mutum biyu sun tsallake teku sun kuɓuta daga hannun 'yan Nazi, mutum biyar kuma hanya ta toshe musu. Biyun su ne Julius da Walter Holländer, wa da ƙani, 'yan kasuwa daga birnin Aachen na Jamus. Biyar ɗin su ne mahaifiyarsu Rosa, da ƙanwarsu Edith, da mijinta Otto Frank, da 'ya'yansu mata Margot da Anne. Ƙaramar, Anne, ita duniya ta sani, saboda littafin da ta cika da labarin zamansu a maɓoya a Amsterdam. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne kusan wata takwas da kawunnanta suka yi a 1941 suna kai gwauro suna kai mari domin su samo wa ƙanwarsu da iyalinta izinin shiga Amurka.

Lamarin ya cancanci a zauna a kansa, domin iyalin suna da duk abin da ake cewa mai neman fita ya tanada. Suna da 'yan'uwa na jini a can. Maigidan yana da amini mai kuɗi, mai riƙe da babban muƙami a gwamnatin Shugaba Roosevelt. Shi kansa yana jin Turanci, ya taɓa zama a New York yana saurayi. Kuma babu wani jami'in Amurka da ya taɓa duba takardunsu ya ce musu a'a. Duk da haka ba su fita ba.

Yadda kawunnan suka tsira

Otto Frank ya bar Jamus tun 1933, shekarar da Hitler ya hau mulki. Ya koma Amsterdam a ƙasar Holan ya buɗe reshen kamfanin Opekta, mai sayar da sinadarin da ke sa dafaffun 'ya'yan itace su yi kauri. Edith da Margot suka bi shi a ƙarshen shekarar, Anne kuma a Fabrairun 1934. Danginsa ma sun watse: mahaifiyarsa da ƙanwarsa suna Basel a Suwizalan, wansa Robert yana Landan. Dangin Edith kuwa sun ci gaba da zama a Aachen, dab da iyakar Holan, suna riƙe da kamfanin da suka gada na cinikin tsofaffin ƙarafa da injuna.

Daren 9 ga Nuwamba 1938 ne ya tumɓuke su. A daren nan da washegarinsa aka ƙona wuraren ibadar Yahudawa a faɗin Jamus da Ostiriya, aka farfasa shagunansu, aka kwashe maza kusan 30,000 zuwa sansanonin gwale-gwale na Dachau da Buchenwald da Sachsenhausen. Julius da Walter suna cikin waɗanda aka kama a kwanakin. Julius ya yi wa Jamus yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya dawo da rauni a jikinsa, wannan ya sa aka sake shi. Walter aka kai shi Sachsenhausen, arewa da Balin.

A wancan lokacin 'yan Nazi korar Yahudawa suke so su yi, su kuma kwashe dukiyarsu. Don haka duk fursunan da danginsa suka kawo takardar da ke nuna wata ƙasa za ta karɓe shi, ana iya sakinsa bisa sharaɗin ya bar Jamus nan take. Haka Walter ya fito a farkon Disamba, kafin watan ya ƙare ya tsallaka Holan.

Sai dai a Holan ma tsare shi aka yi. Gwamnatin ƙasar ba ta son 'yan gudun hijira su saje da jama'a, sai ta riƙa tara su a sansanoni. Walter ya samu kansa a sansanin Zeeburg, cikin Amsterdam ɗin da ƙanwarsa ke zaune. Ba shi da izinin yin aiki, kuma ko gidanta zai je sai ya nemi izinin fita. Kusan shekara guda ya yi a haka. Julius ya riga shi tafiya Amurka a farkon 1939, bayan wani ɗan'uwansu da ke can ya tsaya masa. Walter ya hau jirgin ruwa a Disamban 1939, lokacin har yaƙi ya ɓarke a Turai. Wata biyar bayan tafiyarsa sojojin Jamus suka shigo Holan. Mahaifiyarsu Rosa ita ma ta bar Aachen a Maris ɗin 1939, ta bar kusan duk abin da ta mallaka, ta tare a gidan 'yarta.

A jihar Massachusetts 'yan'uwan biyu suka sauka. Mutanen da suka haura shekara 40, waɗanda jiya suke da ma'aikata a ƙarƙashinsu, suka koma leburorin masana'anta, hannu baka hannu ƙwarya. A riƙe wannan, domin nan gaba shi ne zai zama cikas na farko.

Abin da ya fitar da su a bayyane yake. Kowannensu gwauro ne, ba mata ba ɗa, mai tsaya masa ɗaya ya ishe shi. Kuma sun nemi tafiya a lokacin da ofisoshin jakadancin Amurka ke buɗe a Turai, jirage na tashi daga Rotterdam.

Dokar da takardunta

Tun 1924 Amurka ta yi doka ta ƙayyade yawan mutanen da za su shigo daga kowace ƙasa a shekara. Bayan Jamus ta haɗiye Ostiriya a 1938 aka haɗa kasonsu ya zama 27,370. Ƙasar haihuwa ake dubawa, ba inda mutum yake zaune ba. Saboda haka Otto da iyalinsa, duk da shekarun da suka yi a Amsterdam, a layin Jamusawa suke, layin da a 1939 ya haura mutum 300,000. Ko da ana cike kason kowace shekara, na ƙarshen layi sai ya jira fiye da shekara goma. Alhali ba a ma cike shi. Daga 1933 sai a 1939 aka fara ba da bizar kason gaba ɗaya.

Dokar ba ta san wani abu wai shi ɗan gudun hijira ba. Wanda aka ƙona wa shago aka tsare a Dachau da wanda ke neman canjin sana'a duk layi ɗaya suke bi, sharuɗɗa ɗaya. Babban sharaɗin shi ne wanda Shugaba Hoover ya tsananta a 1930 lokacin karayar tattalin arziki: kada a ba da biza ga wanda ake zaton zai zama nauyi a kan gwamnati. Yadda ake cika shi shi ne wani mazaunin Amurka ya yi takardar rantsuwa cewa zai ɗauki nauyin mai zuwan, ya haɗa da shaidar albashinsa, da ta ajiyarsa a banki, da ta biyan haraji. Ƙaramin jakada ne ke yanke hukunci ko abin ya gamsar da shi, kuma ba a ɗaukaka ƙara.

Ga inda matsalar take. Ɗan'uwa na jini rantsuwarsa ta fi nauyi a idon jakada, amma galibi shi ma sabon zuwa ne, ba shi da komai. Mai kuɗin da zai iya ɗaukar nauyin kuma sau da yawa bare ne, sai jakada ya ce me zai sa bare ya cika alkawari, ya nemi a ajiye tsabar kuɗi a banki.

Bayan rantsuwar akwai takardar haihuwa, da ta 'yan sanda, da ta likita, da shaidar an biya kuɗin jirgi. Bayan yaƙi ya ɓarke aka ƙara da izinin fita daga hannun Jamusawa, da bizar ratsa kowace ƙasa da ke kan hanya har zuwa tashar jirgin ruwa a Sifaniya ko Fotugal. Kowace takarda da wa'adinta, ita kanta bizar Amurka wata huɗu take yi. Fotugal ba ta ba da izinin wucewa sai ta ga tikitin jirgi da bizar inda za a je, Sifaniya sai ta ga ta Fotugal. Kafin a samo ta ƙarshe, ta farko ta mutu. Kamar mai ɗiban ruwa da kwando: yana cikawa ta sama tana zuba ta ƙasa.

Otto ya shiga layin a 1938, a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka na Rotterdam, wanda shi kaɗai ne ke ba da bizar ƙaura a duk Holan. Ranar 10 ga Mayu 1940 Jamus ta mamaye ƙasar. Ranar 14 ga wata jiragenta suka yi wa tsakiyar Rotterdam ruwan bama-bamai, ofishin ya ƙone ƙurmus da duk takardun da ke ciki. Jiran shekara biyu ya tashi a banza. Wanda ya bi labarin Khartoum a 2023 zai gane irin wannan rashin: da yaƙi ya tashi a Sudan aka kwashe ma'aikatan ofishin jakadancin Amurka, fasfo ɗin mutanen da suka kai don neman biza aka lalata su, masu su suka rasa abin tsallaka iyaka da shi.

A daidai lokacin, a Washington ƙofar ce ake ƙara turawa. Faɗuwar Faransa a hannun Jamus ta cusa tsoron cewa 'yan leƙen asirin Jamus za su shigo cikin rigar 'yan gudun hijira. Jami'in da ke kula da sashen biza a Ma'aikatar Harkokin Waje, Breckinridge Long, ya rubuta wa abokan aikinsa takarda ranar 26 ga Yuni 1940. A ciki ya ce za a iya tsayar da shigowar baƙi ta hanyar umartar jakadu su sa kowane irin cikas, su riƙa neman ƙarin shaida, su yi amfani da dabarun ofis da za su sa a yi ta ɗagawa, a yi ta ɗagawa, a yi ta ɗagawa. Sau uku ya maimaita kalmar. Wanda ya karanta wannan takarda ba zai ƙara ɗaukar jan ƙafar da aka yi wa dubban mutane a matsayin tsautsayi ba.

Wasiƙar 30 ga Afrilu

Shekarar farko ta mamaya, Jamusawa sun bi a hankali. A Janairun 1941 aka tilasta wa kowane Bayahude a Holan ya yi rajista. A Fabrairu aka kama samari Yahudawa fiye da 400 a titunan Amsterdam aka tura su sansani, abin da ya jawo yajin aikin gama-gari na kwana biyu a birnin. A tsakiyar Afrilu kuma abin ya iso ƙofar Otto. Wani ɗan Holan mai bin 'yan Nazi ya same shi a ofis, ya nuna masa wasiƙar da wani ya rubuta wa hukuma yana zarginsa da aibata sojojin Jamus. Otto ya ba mutumin kuɗi. Ya san daga ranar rayuwarsa tana hannun wani.

Bai cika mako biyu ba ya zauna ya rubuta wa Nathan Straus Ƙarami. Sun haɗu a 1908 suna ɗalibai a jami'ar Heidelberg. Mahaifin Straus yana cikin masu babban kantin Macy's na New York, inda Otto ya je ya koyi kasuwanci bayan barinsa jami'a. A 1941 Straus ne shugaban hukumar gidaje ta gwamnatin tarayyar Amurka, kuma shi da matarsa Helen sun saba da uwargidan shugaban ƙasa, Eleanor Roosevelt. Otto da sunan ƙuruciya yake kiransa, Charley.

Wasiƙar ta mutumin da bai saba roƙo ba ce. Ya ce da ba don halin da ake ciki ya tilasta masa yin duk abin da zai iya tun da sauran lokaci ba, da bai tambaya ba. Ya ce Straus ne kaɗai mutumin da ya sani da zai iya tunkara da wannan. Ya bayyana cewa yayyen matarsa suna Amurka amma ƙananan ma'aikata ne, ba za a karɓi rantsuwarsu a kan mutane da yawa ba, don haka ana bukatar a ajiye dala 5,000 a banki da sunansa. Sannan ya rubuta: "Wataƙila ka tuna muna da 'yan mata biyu. Saboda yaran ne muka fi damuwa. Makomarmu mu ba ta kai tasu muhimmanci ba." Kalmar "wataƙila ka tuna" ta isa ta nuna tsawon lokacin da aka yi ba a gana ba. Margot tana da shekara 15 a lokacin, Anne ba ta cika 12 ba.

Straus bai yi watsi da shi ba. Shi da matarsa suka miƙa maganar ga wata ƙungiyar agajin 'yan gudun hijira da ke New York, National Refugee Service, ita kuma ta tuntuɓi takwararta ta Boston domin a nemo Julius da Walter. Aka fara lissafin wa zai tsaya wa wa. 'Yan'uwan biyu ƙarfinsu bai kai na mutum biyar ba, sai suka yi abin da ba kowane lebura ke iya yi ba: suka tunkari iyayen gidansu na wurin aiki. Jacob Hiatt, mai kamfanin kwalaye a garin Leominster, wanda shi ma baƙo ne daga Lituwaniya, da Harry Levine, mai wata masana'anta a garin, suka yarda su yi rantsuwa a kan 'yan matan da ba su taɓa gani ba. Straus zai ɗauki sauran nauyin. A tsakiyar Yuni, wata ɗaya da rabi kacal da rubuta wasiƙar, takardun tsayawa sun kusa kammala. Idan aka auna da yadda irin wannan aiki ke tafiya a lokacin, sun yi sauri ƙwarai.

Cikin makonnin nan ne abubuwa uku suka faɗo a jere.

Na farko, Ma'aikatar Harkokin Waje ta fito da ƙa'idar cewa duk wanda zai bar makusancin dangi a ƙasar da ke hannun Jamus kada a ba shi biza, wai don kada 'yan Nazi su yi garkuwa da na baya su tilasta masa leƙen asiri. Ga iyalin Frank ma'anar ita ce ko su tafi su biyar tare, har da tsohuwa Rosa, ko babu mai tafiya. Babu damar a tura yara gaba iyaye su biyo baya.

Na biyu, a tsakiyar Yuni Amurka ta umarci Jamus ta rufe ƙananan ofisoshin jakadancinta da ke ƙasar. Jamus ta rama, ta ce Amurka ma ta rufe nata a Jamus da duk ƙasashen da ta mamaye. Kafin tsakiyar Yuli babu sauran jakadan Amurka a Holan da zai buga hatimi a fasfo.

Na uku, daga 1 ga Yuli aka ƙwace ikon yanke hukunci daga hannun jakadu aka mayar Washington, inda kwamitocin da suka haɗa da jami'an tsaro za su tantance kowane mai nema da kowane mai tsaya masa. Aka fito da sababbin fom. Duk rantsuwar da aka yi a kan tsofaffin ta zama takardar banza.

Straus ya rubuta wa abokinsa cewa labarin ba mai daɗi ba ne. In dai Otto bai kai kansa inda akwai jakadan Amurka ba, babu yadda za a yi, kuma waɗanda suka rage suna Fotugal, da Sifaniya, da kudancin Faransa, da Suwizalan. To amma Jamusawa ba sa ba da izinin fita sai ga mai bizar wata ƙasa a hannu. Sai ka je Lisbon, babban birnin Fotugal, za ka samu biza, kuma sai kana da biza za ka je Lisbon. Gaba kura baya siyaki.

Hanyar Kyuba

Wata kafa ɗaya ta rage, kuma duk mai dangi a Turai a New York ya san ta a shekarar. Kyuba tana sayar da bizar yawon buɗe ido. Wanda ya samu zai iya neman izinin fita, ya ratsa Faransa zuwa Sifaniya, ya hau jirgi zuwa Havana, ya zauna can yana jiran layinsa na Amurka. Hanyar ba ta da tabbas. Shekara biyu kafin nan, a 1939, Kyuba ta hana mafi yawan fasinjoji 937 na jirgin St. Louis sauka bayan sun biya kuɗin takardun shiga, Amurka ma ta ƙi su, jirgin ya koma Turai da su. Ga kuma tsada. Da kuɗin ajiya a banki, da na jingina a hukumar shige da fice, da na biza, da ladan lauyoyi da dillalai, abin yana kai wa kimanin dala 2,500 a kan kowane mutum, ban da kuɗin jirgi.

A watan Satumba Otto ya rubuta wa Straus game da wannan hanya. Daga nan wasiƙu da wayoyin tangarahu suka yi ta zirga-zirga tsakanin Amsterdam, da New York, da Boston, da Leominster. Wasiƙa ɗaya takan yi makonni a hanya, sai amsar ta iso bayan abin da aka tambaya ya riga ya canza. A wasiƙarsa ta Oktoba Otto ya ce lamarin ya fi yadda mutum zai zata wuya, kuma kullum ƙara rikicewa yake yi.

An kai ga rabon nauyi. Straus zai ajiye manyan kuɗin jingina, waɗanda ake sa ran za su dawo. Julius da Walter za su biya waɗanda ba sa dawowa, wato kuɗin biza da na jirgi, daga ɗan abin da suka tara a masana'anta. Ƙungiyar agajin ta yi ta jan hankalin kowa cewa ana iya zuba kuɗin a rasa su, domin samun biza bai tabbatar da samun izinin fita ba. Otto da kansa ya kawo shawarar a fara da biza ɗaya, tasa, a gwada ko hanyar tana ɓullewa kafin a jefa dukiyar mutane a kan biyar. Shawara ce ta ɗan kasuwa mai jin kunyar kuɗin wani. Ta kuma ci lokaci.

Lokacin kuwa ya riga ya ƙare ba tare da sun sani ba. Ranar 23 ga Oktoba 1941 hukumar tsaron 'yan Nazi ta ba da umarni a asirce cewa an hana Yahudawa ƙaura daga yankunan da ke hannun Jamus. Manufar kora ta ƙare, ta kisa ta fara. Ranar 25 ga Nuwamba wata doka ta cire wa duk Bayahuden Jamus da ke zaune a waje ɗan ƙasancinsa, iyalin Frank suka wayi gari ba su da ƙasa. Ranar 1 ga Disamba Kyuba ta ba da biza ɗaya da sunan Otto Frank. Ranar 7 ga wata Japan ta kai hari sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor. Ranar 11 Jamus ta shelanta yaƙi a kan Amurka, aka soke bizar, aka rufe fayil ɗin.

Abin da ya biyo baya

Rosa Holländer ta rasu a Amsterdam a Janairun 1942, ciwo ne ya ɗauke ta. Ranar 5 ga Yuli aka aiko wa Margot takardar kira zuwa aikin tilas a Jamus. Washegari iyalin suka shige ɓoyayyun ɗakunan da ke bayan ofishin Otto a Prinsengracht 263, wurin da ya daɗe yana shiryawa a asirce da taimakon ma'aikatansa. Ranar 4 ga Agusta 1944 aka kama su, aka kai su Westerbork. Wannan sansani gwamnatin Holan ce ta gina shi a 1939 domin 'yan gudun hijira irin su Walter, ta ɗora wa al'ummar Yahudawan ƙasar kuɗin ginin. Jamusawa sun same shi a shirye, suka mayar da shi tashar tura mutane gabas. Iyalin suna cikin mutum 1,019 da jirgin ƙasa na ƙarshe ya kwasa daga can zuwa sansanin kisa na Auschwitz ranar 3 ga Satumba. Edith ta mutu a Auschwitz ranar 6 ga Janairu 1945. Margot da Anne sun mutu a sansanin Bergen-Belsen 'yan makonni bayan haka. Otto kaɗai ya dawo. Daga Yahudawa kusan 107,000 da aka kwashe daga Holan, waɗanda suka rayu ba su wuce 5,000 da 'yan kai ba.

Wasiƙun nan sun yi fiye da shekara 60 a cikin tarin takardu, sai a 2005 wata mai aikin sa kai ta ci karo da su a ma'ajiyar YIVO, cibiyar binciken tarihin Yahudawa da ke New York, aka fito da su fili a 2007. A 2018 gidan tarihin Anne Frank da gidan tarihin kisan Yahudawa na Washington suka fitar da binciken haɗin gwiwa, wanda ya gyara wani kuskure da ya yaɗu, cewa wai Amurka ta hana iyalin biza. Ba a hana su ba. Takardunsu ba su taɓa kaiwa matakin da wani zai ce i ko a'a ba.

Wasu na karanta wannan a matsayin wanke Amurka. A ganina ya fi hani muni. Hani yana da mai sa hannu, ana iya nuna shi da yatsa. Abin da aka gina a 1940 da 1941 tsari ne da zai sa mutum ya ƙare a layi ba tare da kowa ya ɗauki alhakinsa ba, kuma takardar Long ta nuna da gangan aka yi. Gaskiya ne 'yan Nazi ne suka ƙona Rotterdam, su ne suka rufe iyaka, su ne suka yi kisan. Amma guraben da doka ta riga ta amince da su sun zauna babu kowa. Daga shigar Amurka yaƙi zuwa ƙarshensa, kusan kashi 10 cikin 100 kawai aka yi amfani da shi na kason ƙasashen da ke hannun Jamus da ƙawayenta. Sai a Janairun 1944, bayan jami'an Ma'aikatar Kuɗi sun kai wa Roosevelt ƙorafi a kan yadda Ma'aikatar Harkokin Waje ke toshe ceto, aka kafa hukumar kula da 'yan gudun hijirar yaƙi. A lokacin iyalin Frank sun yi shekara ɗaya da rabi a ɓoye.

Akwai masu ɗora laifi a kan Otto, cewa ya makara. Wannan hukunci ne na wanda ya san ƙarshen labari. Mutumin ya bar Jamus a shekarar farko, lokacin da mafi yawan Yahudawan ƙasar suke ganin abin zai wuce. Ya zaɓi Holan, wadda ba ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya ba, kuma kowa na zaton za a sake ƙyale ta. Ya shiga layin Amurka tun kafin yaƙi. Inda za a iya cewa ya yi nauyin baki shi ne wajen Straus, domin da wasiƙar 30 ga Afrilu 1941 ta tafi a 1938, da wataƙila labarin ya bambanta. Amma a 1938 yana da kamfani, yaransa suna makaranta, babu sojan Jamus ko ɗaya a Amsterdam. Mutum mai rufin asiri ba ya roƙon dala 5,000 a wurin abokin da ya daɗe bai gani ba sai wuya ta kai wuya.

Su kuma kawunnan, iyakar ƙarfinsu ke nan. Tsarin ya ɗora ceton iyali a wuyan wanda ya iso jiya, wanda bai gama koyon harshen ba, ba shi da ajiya, ba shi da wanda ya sani sai mai gidansa na masana'anta.

Akwai hanya guda da ba ta bi ta ofishin jakadan Amurka ba, kuma an yi wa iyalin tayinta. Kafin Jamus ta shigo Holan, wata 'yar'uwar Otto da ke Landan, Milly Stanfield, ta rubuto ta ce a turo mata 'yan matan su zauna a wurinta. Otto ya amsa cewa sun tattauna da Edith, ba za su iya rabuwa da yaran ba. Wani likitan haƙori daga Balin, Fritz Pfeffer, wanda daga baya ya zauna tare da su a maɓoyar har ya raba ɗaki da Anne, ya fuskanci irin wannan zaɓi a ƙarshen 1938, lokacin da Birtaniya ta buɗe ƙofa ga yara kusan 10,000 bisa sharaɗin su zo ba tare da iyayensu ba. Shi ya sa ɗansa tilo, Werner, a hanya zuwa Ingila. Pfeffer ya mutu a sansanin Neuengamme a Disamban 1944 ba tare da ya sake ganin yaron ba. Werner ya rayu, bayan yaƙi ya koma Kalifoniya, ya yi iyali, ya rasu a 1995.